Mazari da Tukunyar Baba: Tarihin Kaɗi da Rinin Zare a Gidajen Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin Kano, ko ya ji shi daga bakin manya, ya san labarin tufafinta. Ya san karofin Ƙofar Mata da na Kura, ya kuma san ayarin raƙuman da suke ɗaukar turkudi da baƙin rawani su nufi Agadas da Tambutu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, kafin marini ya tsoma tufa a karofi, kafin ma masaƙi ya jefa ƙoshiya, sai da wata mace ta zauna a tsakar gida ta kaɗa zaren da hannunta. Kafin shigowar zaren inji, da wuya a sami riga ko zane ko rawani da aka saƙa a ƙasar nan wanda zarensa bai ratsa ta tsakanin yatsun mace ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan aiki na cikin gida, wato kaɗi da rinin zare da gyaransa. Za a duba matsayinsa a tarihin Kano, da yadda ake yin sa, da abin da ya tsinana wa mata, da kuma dalilan da suka sa ya ja baya. An yi haka ne domin malaman makaranta su sami abin gaya wa ɗalibansu, dattawa kuma su tuna, su gyara inda ya kamata, su ƙara abin da suka sani.

2.0 Auduga da Baba a Tarihin Kano

Noman auduga da na baba daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa. A labarin Bayajida, inda aka raba wa ƙasashen Hausa ayyuka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, kamar yadda Katsina da Daura suke sarakunan kasuwa, Gobir kuma sarkin yaƙi. Ko yaya masana suka ɗauki wannan labari, yana nuna cewa tun da daɗewa Hausawa da kansu sun san Kano da rini. Haka kuma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ambaci auduga cikin amfanin gonar ƙasar Kano a littafinsa da ya kammala a 1526. Su kuma marinan Ƙofar Mata suna danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Amma bunƙasar da ta kai sunan Kano ko'ina ta faru ne a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804. Ƙasashen da a da suke yaƙar juna sun koma ƙarƙashin daula ɗaya, hanyoyin fatauci sun buɗe, masu sana'a daga wurare daban-daban sun yi ta ƙaura zuwa ƙasar Kano. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya tarar garin ya riga ya yi suna wajen rini. Shi kuma Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tambutu kaɗai ana kai mata aƙalla kayan raƙumi 300. Ya kuma rubuta cewa akwai karofi fiye da 2,000 a cikin birni, kowanne ana biya masa harajin wuri 700 a shekara, wanda ake kira kuɗin karofi.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. An san yawan karofi ne saboda ana karɓar haraji a kansa. An san kayan raƙuma saboda a fili ake ɗora su, a fili ake sauke su. Mazari kuwa yana cikin gida, inda baƙo ba ya shiga, mai karɓar haraji ba ya leƙawa, don haka babu wanda ya ƙidaya shi. Alhali kuwa duk waɗannan tufafi da zare aka yi su, kuma kaɗi ya fi saƙa cin lokaci nesa ba kusa ba. Zaren da masaƙi zai cinye a yini guda, mace ɗaya sai ta yi kwanaki tana kaɗa shi. Ke nan bayan kowane masaƙi akwai mata da dama da suke ciyar da masaƙarsa. Idan aka auna da wannan ma'auni, za a ga cewa makaɗiya su ne suka fi kowa yawa cikin masu aikin tufafi a Kano ta ƙarni na 19.

3.0 Daga Gona Zuwa Mazari

Ana tsinkar auduga da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, shi ya sa kaɗi ya fi kankama da sanyi da kuma rani. Mace takan sami auduga daga gonar mijinta ko gayaunarta, ko ta aika a sayo mata a kasuwa. Aikin yana da matakai, kowanne da kayan aikinsa. Sunayen sukan ɗan bambanta daga wannan gari zuwa wancan.

Mataki na farko shi ne tsinta. Za a baza audugar a faifai ko tabarma a cire ganye da ɓawo da wadda tsutsa ta ɓata, domin duk dattin da aka bari zai fito a jikin zare.

Sai gurza. Ana ɗora ɗan guntun auduga a kan magurji, wato shafaffen dutse ko katako, a danna da siririn ƙarfe ana murza shi gaba da tafin hannu biyu. Ƙarfen zai matse 'ya'yan su fice ta gabansa, audugar ta rage a baya. 'Ya'yan nan su ne anguriya, kuma ba a zubar da su. Akan ajiye wasu don iri, sauran a ba dabbobi. Audugar da aka gurje ita ake kira sutu.

Daga nan sai shiɓa. Ana amfani da ɗan ƙaramin baka mai tsirkiya, a kusantar da tsirkiyar jikin sutu ana fizgarta. Girgizar tsirkiyar ita take warware audugar ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Wannan shi ne saɓi, wanda ake naɗawa a jikin sille ko tsinke don a riƙe a hannun hagu. Tsofaffi sukan ce a wurin shiɓa ake gane zaren da zai yi kyau, domin audugar da ba ta shiɓu ba takan ba da zare mai ƙulli-ƙulli.

Sannan kaɗi kansa. Mazari siririn tsinke ne da aka fere, an soka masa gululu, wato ɗan dunƙulen yumɓu da aka gasa, kusa da gindinsa. Nauyin gululun ne yake sa mazari ya daɗe yana juyawa. Makaɗiya takan zauna a tabarma, ta dasa gindin mazarin a cikin ɗan ƙoƙo ko a kan 'yar fata, ta murza shi da yatsun dama, hannun hagu kuma yana ja da saɓi sama a hankali. Yadda mazari yake juyawa haka audugar take murɗewa ta zama zare. Idan hannu ya miƙe iyakarsa, sai ta naɗe abin da ya samu a jikin mazarin ta sake ja. A gefenta akwai alli, wanda ake yi da ƙonannen ƙashi, tana dangwala don kada gumi ya sa yatsu santsi. Duk waɗannan kaya a taskira ake adana su.

Abin da ake kaɗawa iri biyu ne. Akwai zare, siriri mai tsananin murɗi, wanda ake yi da ƙaramin mazari. Shi ake yin wadari da shi, wato shi ne na tsaye a masaƙa, don haka dole ya jure ja da gogar masefi. Akwai kuma abawa, mai kauri da sassauci, wadda ake yi da babban mazari, ita ce ta kwance da ƙoshiya take ɗauka. Yarinya da abawa take fara koyo, sai hannunta ya faɗa sannan a ba ta ƙaramin mazari. Zare mafi siranta, irin wanda ake saƙa turkudi da manyan riguna da shi, aikin gwanaye ne, kuma kuɗinsa daban yake a kasuwa.

4.0 Tsamiya da Alharini

Ba auduga kaɗai matan ƙasar nan suke kaɗawa ba. Akwai tsamiya, wato silikin daji. Wasu tsutsotsi ne suke taruwa su saƙa gida ɗaya babba a jikin itace, musamman itacen tsamiya, daga nan sunan ya samo asali. Mutanen karkara sukan tattaro gidajen su kawo kasuwa. Mace takan dafa su cikin ruwan toka har danƙon da ya haɗe su ya narke, ta wanke, ta shanya, ta warware da hannu, sannan ta kaɗa kamar auduga. Zaren tsamiya yana da ƙarfi ƙwarai, launinsa kuma ƙasa-ƙasa ne mai haske, yawanci haka ake barinsa ba rini. Da shi ake saƙa rigar tsamiya, da shi kuma ake yi wa manyan riguna aiki irin su aska biyu da aska takwas.

Alharini kuwa baƙo ne. Ragowar siliki ne daga masaƙun Turai, wanda ake rinawa ja mai ɗaukar ido, fataken Gadamas su ɗauko shi daga Tarabulus su ƙetaro Sahara da shi. Barth ya lissafa shi cikin manyan kayan da ake shigowa da su Kano, ɗaruruwan kayan raƙuma a shekara. Da yawansa ba a kaɗe yake zuwa ba, sai ya iso nan mata su gyara shi su mayar da shi zare. Da shi ake saƙa barage, ana kuma yi wa manyan riguna shafi da shi. Wato ko kayan da ya fito daga ƙetaren hamada sai ya bi ta mazarin Bahaushiya kafin ya hau jikin sarki.

5.0 Rinin Zare a Cikin Gida

Rini hanya biyu ne. Ko dai a saƙa farin ƙyalle sannan a rina shi gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa turkudi, ko kuma a rina zaren tun kafin a saƙa. Duk tufa mai ratsi ta hanya ta biyu take samuwa. Alal misali saƙi, wanda zanensa yake kama da jikin zabo, ana samun sa ne ta jera baƙin zare da fari bi da bi a tsaye da kwance. Haka ratsin gwado da luru da majanyi. Don haka rinin zare ya zama buƙata ta kullum ga masaƙa, har da mata masu saƙar tsaye a ɗakunansu.

Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa rini a manyan tukwane ya riga rinin karofi. Abin da ya kawo sauyi shi ne laso, wato simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi, dattin da yake kwantawa a gindin ruwan baba. Da laso aka sami damar shafe rami mai zurfi ya riƙe ruwa, ya ɗauki kaya masu yawa a lokaci guda. Karofi ya zama sana'ar maza a bayan gari ko gefen unguwa, a wurare irin su Kura da Bunkure da Dal. Duk da haka tukunya ba ta mutu ba. Wasu mata sukan aika yara da curin zare zuwa karofi a biya a rina, wasu kuma suna da tukunyarsu a bayan ɗaki don ɗan abin da suke buƙata.

Ga yadda ake haɗa tukunyar baba. Ana yanke baba wajen ƙarshen damina, a daka ganyen, a bar shi ya ruɓa, a cura a shanya. Wannan shi ne shuni. Idan za a yi rini, sai a tace ruwan toka a zuba a tukunya, a farfasa shuni a ciki, a rufe. Kullum a motsa da muciya, har kwanaki, sai ruwan ya tashi, ya yi wari, kumfa mai shuɗi ta taru a samansa. A nan ake cewa baba ya nuna.

Kafin a tsoma zare sai an dafa shi ko an jiƙa shi sosai, domin sabuwar auduga tana da wani maiƙo da yake hana ta shan ruwa. Sai a tsoma shi a hankali ana matsawa a ƙarƙashin ruwa. Abin da yakan ba yara mamaki shi ne, idan aka ɗago zaren, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban ido. Dalili kuwa shi ne, launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ruɓawar da ruwan tokar su suke sauya shi ya narke ya shiga cikin zare. Da ya haɗu da iska sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki. Shi ya sa ba a samun duhu da tsomi ɗaya. Tsomi kaɗan yana ba da shuɗi mai haske, idan kuma aka yi ta maimaitawa ana shanyawa, sai a kai ga duhun da Hausawa suke kira baƙi.

Sauran launuka daga daji da gona ake samo su. Saiwar rawaya, idan aka daka aka dafa, tana ba da launin da har yau ake kira da sunanta. Gangamau ma haka. Ganyen marke da 'ya'yan bagaruwa suna ba da launi mai ƙasa-ƙasa. Idan aka tsoma zaren da ya sha baba kaɗan cikin ruwan rawaya, sai a sami kore. Ja kuwa daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa da ake nomawa don jan kubenta, a daka a haɗa da ruwan kanwa ko na toka. Sai dai karan dafi ya fi kama fata da kaba, a jikin auduga yakan koɗe da wanki da rana. Wannan ne ya sa jan alharini ya yi daraja har ake ɗauko shi daga nesa, shi ne kuma ya sa tufafin talakawa na da suka fi yawa a fari da shuɗi da baƙi.

Bayan rini akwai gyara. Za a ɗauraye zaren har ruwa ya fita fes, a shanya a inuwa. Wanda za a yi wadari da shi akan tsoma shi a ruwan ƙullun gero ko dawa don ya yi tauri, gashinsa ya kwanta, kada ya riƙa tsinkewa. Wanda za a yi ɗinki da shi akan haɗa biyu a murɗe. Abawa kuma a yi tariyarta a kwarkwaro. Sai an gama wannan duka sannan zare ya isa fita daga gida.

6.0 Kaɗi da Arzikin Mace

Kaɗi ya dace da zaman mace a gidan Bahaushe. Ba ya buƙatar babban jari, ba ya buƙatar fita, ana iya ajiye shi a duba tukunya ko a ba yaro mama a dawo a ci gaba. Da dare, bayan an ci tuwo, mata sukan taru a ɗaki ɗaya gaban fitilar aci-bal-bal suna kaɗi suna hira, tsohuwa tana yi wa jikoki tatsuniya. Ranar kasuwa sai a ba dillaliya ko yarinya ta kai, ko kuma masaƙi ya aiko har gida.

Muhimmin abu shi ne, kuɗin zare na mace ne. Shari'a da al'ada duk sun bar mata abin da ta samu da hannunta, har mijinta idan masaƙi ne saye yake yi a wurinta. Da wannan kuɗi take zuba adashi, ta yi bikin ƙawaye, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta tasoshi da kwanuka na kayan ɗaki. Ga tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, ba ta iya daka ko surfe, mazari shi ne abin da yake hana ta roƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ambaci kaɗi cikin ayyukan yau da kullum na matan zamaninta.

Sai dai gaskiyar tarihi ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace makaɗiya ce take cin guminta ba. A ƙarni na 19 bayi suna cikin masu noman auduga da baba a rinji da gandayen manya, kuyangi kuma suna kaɗi a gidajen sarauta da na attajirai, zaren na iyayengijinsu ne. Wani kaso na arahar tufafin Kano a kasuwannin nesa daga wannan aiki na tilas ya fito. Malamin da zai koyar da wannan tarihi bai kamata ya tsallake wannan ba.

7.0 Zuwan Turawa da Ja-bayan Sana'ar

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kuma auduga tana cikin abin da ya kawo su. Masu masaƙun ƙasarsu sun kafa Ƙungiyar Noman Auduga a Mancesta a 1902, wadda Hausawa suka riƙa kira Bisije. Burinsu shi ne a kwashi audugar Arewa a kai Ingila, a dawo da ita a matsayin yadi. Wannan buri yana cikin dalilan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911. Amma da jirgi ya zo, sai manoman Kano suka cika shi da gyaɗa. Audugar kuma ta ƙi fita yadda aka so, saboda masu saye don kaɗi da saƙa na gida suna biyan farashin da ya fi na Bisije. Wato a shekarun farko na mulkin mallaka, mazari ya yi gasa da masaƙun Ingila a kasuwar auduga ta Kano, kuma bai faɗi ba.

Turawa sun shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen wajen 1912, suka riƙa raba iri, suka kafa kasuwannin auduga na hukuma da injinan gurza. Noman auduga don fitarwa ya fi kafuwa a arewacin Zazzau da kudancin Katsina da yankin Gusau. A daidai wannan lokaci fataucin Sahara ya durƙushe, domin jirgi ya fi raƙumi araha, ga kuma Italiya ta mamaye Tarabulus a 1911. Alharini na hamada ya yi ƙaranci, zaren kanti mai launi ya maye gurbinsa. Ta fuskar rini ma an sami sauyi. Tun 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, sannu a hankali shi da galura kala-kala suka iso kasuwanninmu. Abin da yake ɗaukar kwanaki a tukunya ya koma aikin sa'a guda.

Duk da haka kaɗi bai mutu nan take ba. Har tsakiyar ƙarni na 20 yana cikin manyan sana'o'in mata a karkara. Abin da ya karya shi ya taru ne daga baya. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Zaren inji ya wadata, ga araha, ga shi kai ɗaya ba ya tsinkewa, don haka masaƙan gargajiya da kansu suka koma gare shi, da farko a wadari, daga baya har a abawa. Atamfa da shadda da leshi suka zama abin ado, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya ƙara yawan 'yan mata a makaranta a daidai shekarun da ake koyon mazari. Mata kuma suka ga ɗinkin hula da keken ɗinki da ƙuli-ƙuli da sayar da abinci sun fi kawo kuɗi. Ba za a zarge su ba, domin kaɗi aiki ne mai yawa, ladansa kaɗan.

Daga baya su ma masaƙun zamani abin ya zo kansu. Matsalar wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga waje sun durƙusar da mafi yawansu, Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Garin da ya tufatar da mutane har Tambutu ya koma babbar kasuwar yadin da aka saƙa a wasu ƙasashe.

8.0 Kammalawa

Yau akan iske 'yan tsofaffi a ƙauyuka da suka iya kaɗi, masaƙa a wurare irin su Minjibir suna nan suna aiki, karofin Ƙofar Mata ma bai rufe ba. Amma inda sana'ar ta fi barin sawu shi ne a bakinmu. Muna cewa jikin wane yana rawa kamar mazari. Muna yi wa mutumin da ba a gane inda ya dosa kirari da mazari ba a san gabanka ba. Muna kiran attajirai masu hannu da shuni. Idan abin da ake zato ya faru, mu ce a rina, an saci zanen mahaukaciya. Yaran da suke aji a yau suna jin waɗannan maganganu, amma da yawansu ba su taɓa ganin mazari ko shuni ba.

Karofi rami ne, ko an daina amfani da shi ana iya zuwa a gani bayan shekara ɗari. Ilimin kaɗi kuwa a yatsu yake, ranar da mai shi ta rasu ya tafi ke nan. Saboda haka akwai aikin da malamai za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Malamin Hausa ko na tarihi ya sa kowane ɗalibi ya tambayi kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa: wa ya koya mata kaɗi, da me take rini, ina take kai zare, me ta saya da kuɗin. A rubuta amsar da sunayen kayan aiki yadda ake faɗarsu a garin. Inda aka sami wadda hannunta bai manta ba, a nemi izininta da na iyalinta ta nuna wa yara, a ɗauki hoto da murya. Dattawa kuma su duba ɗakunan iyayensu. Idan an sami tsohon mazari ko magurji ko bakan shiɓa ko gwadon saƙar hannu, kada a jefar, a adana shi ko a kai gidan tarihi irin Gidan Makama tare da bayanin mai shi.

Waɗanda suka rubuta tarihin Kano sun ƙidaya karofi da raƙuma, sun bar mana adadinsu. Matan da suka kaɗa zaren ba a rubuta sunan kowa a cikinsu ba, amma kakanninmu ne, kuma 'yan kaɗan daga waɗanda suka gaje su suna raye. Ya kamata a je a tambaye su tun suna iya ba da amsa.